Masu fama da kansar furostet (wata gaɓa ta maza da ke ƙasan mafitsara) da ta bazu, ya kuke tafiyar da rayuwa?

Dattijo_A: Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita yace tawa ta riga ta wuce furostet ɗin ta kama ƙashin ƙugu, ba maganar cirewa kuma sai dai a danne ta. An sa ni kan allurar nan ta duk wata 3 mai karya sinadarin maza, testosteron, wai da shi cutar take samun ƙarfi. PSA ɗina, lambar gwajin jinin da ake bibiyar cutar da ita, ya sauko alhamdulillah, amma gajiya da zufa sun sa ni gaba, ga abin da ba na iya faɗa wa kowa a gida. Waɗanda suka riga ni shiga dan Allah ya kuka yi?

Tsohon_direba: Wa alaikumus salam yaya. Zufar nan duk mun sha ta, kana zaune lafiya lau sai kaji zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, kafin minti kaɗan riga ta jiƙe sharkaf, da dare ma tafi tsanani. Ni kaya marasa nauyi nake kwana da su da tawul a gefen gado, kuma in ta hana ka barci ka faɗa wa likita, akwai maganin da suke bayarwa. Gajiyar kuwa abin mamaki kwanciya ƙara ta take yi. Nas ce ta matsa min in dinga tafiya a ƙafa kullum da ɗan ɗaga abu mai ɗan nauyi, nace mata baiwar Allah mutum da ƙyar yake tashi ina shi ina motsa jiki, tace ai allurar naman jiki take zaizaya da ƙashi, in ka zauna sai su tafi da sauri. Gaskiyarta ce wlh. Amma tunda taka tana ƙashi ka tambaya tukuna wane motsi ne ba zai cutar da kai ba.

Uwargida_H: Baba sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni mijina ne ke ɗauke da ita, kuma na gane abin da kace ba ka iya faɗa, bari in faɗa maka shi tunda ku maza nauyin baki gare ku. Sha'awa tana mutuwa, aikin allurar ne, mafi yawan waɗanda aka yi wa haka suke. Nawa shiru yayi ya koma kwana a falo, ga saurin fushi ga ƙwalla ba dalili, ni kuma ina ta tunanin ko laifi nayi masa, sai da likita ya zaunar da mu tare ya yi mana bayani sannan hankalina ya kwanta. Ka tafi da iyalinka ranar ganin likita taji da kunnenta. Abin da muke so mu gan ku a kusa ana hira, sauran mun iya haƙuri da shi.

Dattijo_A: Hajiya kin taɓo wajen. Na gode, zan tafi da ita.

Ɗan_mai_jinya: Ni abu ɗaya zan ƙara kuma dan Allah kowa ya riƙe shi. Mahaifinmu tasa ta kama ƙashin baya, wata rana ya tashi da sabon ciwon baya mai zagayowa har ciki, ƙafafu suka yi nauyi suna masa dindiris, fitsari ya fara ƙin fita. Ashe kansar ce ta danne lakar baya. A daren muka kai shi, aka yi hoton MRI aka ba shi deksametason na rage kumburi aka yi masa gashi da na'ura, yanzu yana takawa da sanda. Likitan yace wannan ba a jiran gari ya waye, in ƙafa ta riga ta mutu da wuya ta dawo. Sai maganar mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, Baba ya daɗe yana ƙin sha wai na waɗanda aka cire rai da su ne, yana ta cije baki. Da ya yarda ya fara sha kan lokaci shine ya koma barci da fira da jikoki. Sai dai yana ɗaure ciki sosai, a karɓo maganin sakin bayan gida tare da shi tun farko.

Malam_mai_ritaya: Yaro ya faɗi gaskiya. Ni nawa PSA ɗin ya sauka ya zauna, daga baya ya fara hawa duk da allurar, ranar naji kamar an gama da ni. Ashe akwai sauran matakai, aka ƙara min ƙwayar abirateron da ake haɗawa da ƙwayar firednisolon, shi kuma yana buƙatar a dinga duba hawan jini da hanta, allurar ma ba a daina ba. Wani abokin jinyata dosetaksel aka yi masa, maganin kansa ne na ƙarin ruwa duk sati 3, gashi ya zube ya dawo. Ni dai na daina rayuwa daga gwaji zuwa gwaji, da in saura sati a ɗebi jini ba na iya komai. Lambar tana da amfani amma likita ma yana tambayar ya ciwo, ya barci, ya cin abinci kafin ya canza magani.

Tsohon_direba: Malam in za a fara maka allurar ƙarfafa ƙashi, zoledronik, a duba haƙoranka tukuna, cire haƙori bayan an fara yana iya jawo matsalar muƙamuƙi.

Uwargida_H: Kuma ku daina ɓoye wa 'ya'yanku maza da ƙannenku sunan ciwon. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ta haɗarinsa yafi na sauran, baƙar fata kuma mun fi kamuwa. Namu babban ya kai 45, na tisa shi gaba sai da yaje aka yi masa gwajin PSA.

Dattijo_A: Allah ya saka da alheri. Direba, tafiyar da safe kake yi ko da yamma? Ni da safe ƙugun yafi riƙewa.

Tsohon_direba: Da yamma yaya, bayan maganin ciwo ya kama jiki. Ka fara da kaɗan, in ƙugun ya ƙara ciwo ka tsaya ka sanar da likita.