Shawarwari Kan Tsara Manhajar Waya Don Masu Daɗaɗɗen Ciwon Baya

Mafi yawan waɗanda suka tattauna batun abin da ya dace a sanya cikin manhajar waya ta masu daɗaɗɗen ciwon baya sun yi ittifaƙi cewa motsa jiki ne ya kamata ya zama ginshiƙin manhajar, domin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 sun fifita atisaye da wayar da kan majiyyaci, sun kuma hana dogaro da ɗamarar ƙugu. An ba da shawarar a sanya gajerun bidiyoyi waɗanda likitocin gashin ƙashi suka tantance, masu farawa da sauƙi suna ƙara nauyi sannu a hankali.

An yi saɓani kan auna zafin ciwo kullum daga 0 zuwa 10. Wasu na ganin yana taimaka wa likita, wasu kuwa sun ce yawan tambayar yakan sa mutum ya tattara hankalinsa kan ciwon, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi. Gwamma a tambayi barcinsa da nisan tafiyar da ya iya yi.

Wajibi ne manhajar ta tura mutum asibiti nan take idan ya ambaci kasa riƙe fitsari, mutuwar ƙafa ko zazzaɓi, kuma a kare sirrin bayanansa.