Keken jariri a kan matakala mai tafiya: ni ce da gaskiya ko mai gadi?

Maman Husna, Mamobi

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma ku bari in fara da labarin, don har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Yau kwanana 52 da haihuwa, kuma aiki aka yi mini aka ciro yarinyar. Yayana da ke Bronx a Amurka ya sako mana keken jarirai a cikin durom ɗin kayan da ya aiko, irin mai ƙafa huɗu, na gaba ƙanana masu juyawa, na baya manya, da kwando a ƙasa. Maganar Allah, a Mamobi, unguwarmu a nan Accra, keken nan ado ne kawai. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi kwata uku ake tsallakewa, ga lungun da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Tun ranar suna yana jingine a bayan ƙofa, har surukata ta fara shanya tawul a kansa.

Ranar Asabar na ce yau dai sai keken nan ya sha iska. Ni da ƙanwar maigida muka ɗauki tasi zuwa ɗaya daga cikin manyan shagunan nan masu bene, ba sai na faɗi suna ba. Kayan jarirai a sama suke. Muka je wajen lif, an manna takarda wai ana gyara. Sai muka nufi matakalar nan mai tafiya da kanta, wadda ake ce wa eskaleta. Na danna hannun keken ke nan ƙafafun gaba suka tashi, zan ɗora, sai ga mai gadi ya sha gabana, wai ba a hawa da keke. Na ce masa yarinya barci take yi, na ɗaure ta da bel, ni kuma ɗinki gare ni, ba ni da halin ɗaukar nauyi. Bai ce komai ba sai ya nuna mini wani ɗan hoto a jikin ƙarfen, keke ne an ja masa jan layi. Mutane sun tsaya suna kallo. Kunya ta sa na gaya masa magana mai zafi da Turanci, ya rama da Twi, muka juya ba mu sayi ko safa ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya tafi a banza.

Da na gaya wa Baban Husna, cewa ya yi mai gadin neman suna yake yi. Shi direba ne, yana yawan kai fasinja filin jirgi, ya ce ya sha ganin masu dawowa daga Turai suna hawa da keken, karkata shi kawai ake yi a riƙe da kyau, tafiyar da ba ta kai minti ɗaya ba. Ya ƙara da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

To ina son wanda ya san abin ya gaya mini tsakani da Allah. Haɗari ne na gaske, ko dokar masu shago ce ta wanke kai? Kuma idan lif ya lalace, mace mai ɗinki yaya za ta yi?

Masta Awudu, Sabon Zongo

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya raya Husna, Ya ba ki lafiya.

Gyaran lif da eskaleta shi ne abincina, don haka ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: mai gadin nan ya yi miki alheri, ko da bakinsa bai iya magana ba. Hoton da ya nuna miki ba masu shago suka ƙirƙira ba. Da shi injin yake zuwa daga kamfani, tare da hoton riƙe hannun yaro da na kama abin riƙewa. Ki duba duk inda kika ga Otis ko Schindler ko Kone, za ki tarar da shi a ƙasa da sama.

Kafin ki yarda da ni, ki ari tef ɗin awo wajen tela ki auna daga ƙafar gaba ta kekenki zuwa ta baya. Faɗin taki ɗaya na eskaleta, daga gaba zuwa baya, kusan santimita 40 ne. Ban taɓa ganin keken jariri da ƙafafunsa huɗu suka zauna daram a kan wannan ba. Dole biyu su tsaya a taki ɗaya, biyu su rataya a iska ko su hau taki na gaba, wanda ya ɗara shi tsawo da kusan santimita 20. Abin da yake ruɗin mutane shi ne a bakin shiga takun a shimfiɗe suke kamar tabarma, biyu ko uku. Sai kin yi gaba kaɗan suke rabuwa, kowanne ya tashi. Ƙafar keken da ta faɗa kan layin da taki biyu suka haɗu, nan take za ta tsinci kanta a bakin gaɓa. Daga nan kuma gangaren digiri 30 ne har ƙarshe, nauyin keke da yarinya da kayan kwando duk a wuyan hannunki.

Hannu nawa gare ki? Biyu, kuma dukansu suna kan keke. Wa zai kama abin riƙewa? Nan ne maganar take. Injin yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa, ba gudu ba ne, amma yana da birki. Idan wuta ta ɗauke, ko wani ya danna jan maɓalli, ko ɗan dutse ya shiga inda bai kamata ba na'urar tsaro ta yanke, birkin yana kamawa ya tsayar da shi cikin abin da bai wuce mita ɗaya ba. Wanda ya kama robar riƙewa zai ɗan yi tangaɗi ya tsaya. Wanda bai riƙe ba, gaba zai yi. Mu da muka ga dumso, wato matsalar wutar Ghana ta 2015, ba sai an yi mana bayanin ɗaukewar wuta ba, kuma ko akwai janareto sai injin ya tsaya tukuna kafin ya karɓa. Saukowa ta fi hawa muni, don keken yana gabanki yana kallon ƙasa.

Sai wurin fita. Akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi inda takun suke shigewa ƙasa. Ƙananan ƙafafun nan masu juyawa, idan suka iso a karkace, sai su cije a wurin. Keke ya tsaya, matakala ba ta tsaya ba, ke tana kawo ki, na bayanki tana kawo su. Na taɓa ganin haka da akwatin tafiya ma, ba keke ba, mutum huɗu suka zube a kan juna. Bel ɗin da kika ɗaura yana hana yarinya zamewa, amma idan keken ya kife da ita zai kife, ga jaririyar da ko wuyanta bai tsaya ba.

Ki gaishe da maigida, ki ce masa na yarda ya gani. Ni ma na gani, sau da yawa kuma lafiya ake sauka. Sai dai shi yana ganin masu sauka ne, mu kuma mu ake kira ranar da ba a sauka lafiya ba. Kuma a filin jirgin Accra ɗin da yake magana, sabon ginin da aka buɗe a 2018 yana da lif, wanda ya hau eskaleta da keke a can gaggawarsa ce ta sa shi.

Hajiya Mai Koko, Nima

'Yata, sannu da jiki. Ni jikata ce take rubuta mini wannan, ina faɗa tana dannawa.

Abin da ya ɗaure mini kai a labarinki, ku biyu kuka je. Ita ƙanwar mijin naki bayanta ciwo yake yi? Ba zani a jakarku? Da kin ciro yarinya kin ɗora mata a baya ta ɗaure tamau, an naɗe keke an ba mai gadin ajiya, da kun hau kun yi sayayyarku, kowa hannunsa biyu a sake. Goma na haifa, bakwai suna raye, duk a bayana suka ga kasuwannin Makola da Agbogbloshie. Ban ce ke ki goya ba, mai ɗinki ba ta gardama da likita, sai ranar da suka ce kin warke. Amma mai jego ba ta fita ba zani ko da a jirgin sama za ta.

Wani abu kuma da Masta bai faɗa ba don shi namiji ne: abaya. Ku 'yan yanzu kuna sa ta tana sharar ƙasa, ga dogon hijabi. Ni duk ranar da aka tilasta mini hawa abin nan, sai na tattare rigata da hannu ɗaya, na tsaya a tsakiya. Ke da za ki riƙe keke da hannu biyu, wa zai tattare miki?

Ki koma ki ba yaron nan haƙuri. Ɗan wani ne, aikinsa yake yi.

Ummu Rayyan, Landan

Maman Husna barka. Ni 'yar Madina Zongo ce, aure ya kawo ni Ingila, yarana uku. Bari in faɗi gaskiya ko za a yi mini ca: na hau eskaleta da keke ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yawancin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na nan tsofaffi ne, da yawa ba su da lif, kuma idan ke kaɗai ce da yaro da kaya, ba ƙanwar miji ba kowa, za ki yi abin da ba ki so. Don haka ban ga laifin Baban Husna ba da ya ce ana yi. Ana yi.

Amma ban taɓa yi da jariri ɗan wata biyu ba, kuma ban taɓa yi hankalina a kwance ba. Na daina ne ranar da ƙafar gaba ta cije mini a wurin fita, daidai yadda Masta ya kwatanta, wani bawan Allah da ke gefe ya fizgo keken da hannu ɗaya. Da na fito sai da na nemi benci na zauna, gwiwoyina rawa suke yi. Tun daga nan majanyin zamani nake sawa, mai rataya yaro a ƙirji, keken kuma in naɗe shi.

Abin da nake so a ƙara: kada wata ta karanta wannan ta ce to bari in ɗauki keke da yaro a ciki in bi matakalar ƙafa. Wannan ma ba ta fi ba, ba kya ganin inda kike taka. A ciro yaro tukuna, ko ta ina za a bi. Ni fushina yana kan masu ginin ne. Ka sa kayan jarirai a bene, lif ɗinka ya mutu, sannan ba ka tanadi ko ma'aikaci ɗaya da zai taimaki mai jego ba?

Masta Awudu, Sabon Zongo

Mma Hajiya ta kama ni, na manta da tufafi. Tsakanin taki da bangon gefe akwai 'yar tazara, shi ya sa ake sa burushin nan a gefe, don ya kori ƙafa da riga, ba don goge takalmi ba kamar yadda yara suke yi. Yana cin bakin abaya, igiyar takalmi, da takalman roba masu taushi da ake sa wa yara. A 2014 a Montiriyal ta Kanada wata mata ta rasu a tashar jirgi bayan ta faɗi mayafinta ya shiga cikin injin. Kowa ya koyi inda jan maɓallin tsayarwa yake, akwai a sama akwai a ƙasa, kusa da inda robar riƙewa take shigewa.

Wani ya tambaye ni a gefe game da mai shimfiɗe, wadda ba ta da taki. Ita daban ce, gangarenta ba ya wuce digiri 12, kuma kekunan sayayya da ake hawa da su an yi musu ƙafafu na musamman masu kama ramukan ƙasan. Keken jariri ba shi da wannan, a hannunki yake. A duba hoton da ke bakin shiga, abin da ya ce shi ne.

Maman Husna, Mamobi

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Masta, na aika an aro tef wajen telan da ke ƙofar gidanmu. Santimita 57 ne daga ƙafa zuwa ƙafa. Na shimfiɗa tef ɗin a tsakar ɗaki, na nuna wa Baban Husna inda 40 ta tsaya, na ce bismilla, ɗora mini ƙafa huɗu a nan. Ya juya keken ta nan, ya juya ta can, daga ƙarshe ya ce ai shi dama bai ce da jaririya a ciki ba. Na bar shi a haka.

Mma Hajiya, kin gama da ni. Wallahi akwai zani a jakar, har guda biyu, a kwandon keken ma suke. Ko kaɗan tunanina bai je can ba, so nake a gan ni ina tura keken Amurka. Ita kuma ƙanwar tasa ta sha kwalliya ne, shi ya sa ta yi shiru, jiya da na karanta mata amsarki dariya ta yi ta gudu kicin. Kuma abaya ce a jikina ranar, mai jan ƙasa.

Anti Ummu Rayyan, maganarki ta lif ita ce ta rage mini a rai, don ko mai keken guragu ya zo ranar haka zai juya. Zancen ba da haƙuri kuwa, zan koma ranar Laraba bayan awo, in na same shi a bakin aiki zan gaishe shi. Ban yi alkawarin dogon jawabi ba.

Majanyin ƙirjin da kika ce, daga wata nawa ake fara sa yaro a ciki, kuma ba ya danne wurin ɗinki? Keken dai ya koma bayan ƙofa, tawul har ya hau.