Labaran ban tsoro ga yara: wanne ya dace, kuma yaya ake ba da shi?

Maman Ummi, Agege:
Assalamu alaikum. Yarana uku ne, shekara 6, 9 da 13, kullum suna roƙon labarin ban tsoro. Wanne zan ba kowa ba tare da ya kasa barci ba?

Malamin firamare, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki haɗa su a labari ɗaya. Mai shekara 6 tatsuniyar Dodo ta ishe ta, irin wadda yaro ko yarinya ke kuɓuta a ƙarshe da wayo, minti goma zuwa sha biyar. Ki buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ki rufe da "ƙurunƙus", domin wannan rufewar ce ke nuna wa ƙaramin yaro cewa abin ya ƙare, Dodo ya tafi. Idan kika tsaya a tsakiya kika ce sai gobe, da Dodon za ta kwana a rai. Na shekara 9 ki fara masa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito daga 1937 zuwa 1939 a juzu'i uku. Labaran gajeru ne, akwai al'ajabi da rikita tunani, tsoron kuma ba ya yin yawa. Yaran da suka tashi a Legas da yawa ba su san kurmi, rumbu ko ƙorama ba, sai ki bayyana musu kafin ki fara, don tambaya a tsakiyar labari tana kashe zaƙinsa.

Baban Sadiq, Obalende:
Malam ya yi daidai. Babban kuwa, a gwada masa The Monkey's Paw na W. W. Jacobs, ɗan Ingila, 1902, shi ma zai taimaka wa Turancinsa. Wani tsoho ya samu busasshen hannun biri mai cika buri uku. Ya nemi fam 200, kuɗin suka zo a matsayin diyyar ɗansa da inji ya kashe a wurin aiki. Uwar ta matsa a roƙi dawowar ɗan, sai aka fara ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare. Ba a taɓa nuna abin da ke bayan ƙofar ba, kuma nan ne ƙarfin labarin. Ki tsaya daidai ƙwanƙwasar, ki tambaye shi me uban zai roƙa na uku, sannan ku ƙarasa. Labaran Edgar Allan Poe, marubucin Amurka, ki jinkirta su, akwai kisa ƙuru-ƙuru a wasunsu.

Hajiya Kaka, Mile 12:
'Yata, abu biyu nake ja miki kunne a kai. Kada ki sa abin tsoron a banɗaki, bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado, domin yaron zai ƙi fita fitsari da dare har ya jiƙa shimfiɗa. Ki kai shi daji mai nisa. Na biyu, labarin mayu a gidan haya haɗari ne. Yaro zai nuna wata tsohuwa maƙwabciya ya ce ita ce, fitina ta tashi. Aljanu ma ki bar su, yaro ya san akwai su, ba zai ɗauke su wasa ba. Ki ba da labarin bayan magariba da fitila a kunne, a ci abinci, a yi isha'i da addu'ar barci, kamar awa guda tsakani kafin su kwanta.