Neman shawara: wace mahaɗar USB mai sauƙin kuɗi ta dace da laftof ɗina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftof ɗin da nake aiki da shi ramuka uku kacal gare shi, USB-C guda biyu da USB mai faɗi guda ɗaya. Ina so in riƙa haɗa shi da monita mai HDMI, da kibod da maus marasa waya, da faifan ajiya na waje, wani lokaci kuma da katin SD na kyamara. Na duba irin mahaɗar nan mai ramuka da yawa, wata bakwai wata goma sha biyu, kamanninsu ɗaya amma kuɗinsu ya yi nisa da juna. Ƙarfina bai kai na mai tsada ba. Don Allah me ya kamata in duba?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye maganar mahaɗa tukuna, fara da ramin laftof ɗinka. USB-C siffar rami ce kawai, abin da ke bi ta cikinsa ya danganta da yadda kamfanin ya haɗa shi. Wani bayanai kawai yake ɗauka, wani bayanai da caji, wani kuma har da hoto. Wanda ke fitar da hoto shi ne mai DisplayPort Alt Mode, ko Thunderbolt, ko USB4. Idan raminka ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan, ramin HDMI na irin wannan mahaɗar ba zai nuna komai ba, kuma ba laifinta ba ne.

Duba gefen ramin. Harafin D mai P a cikinsa alamar DisplayPort ce, walƙiya mai kan kibiya kuma ta Thunderbolt. Kamfanoni da yawa ba sa buga alama, don haka ɗauki lambar samfurin da ke ƙarƙashin laftof ɗin ka nemi takardar bayaninsa a shafin kamfanin. Kada ka ɗauka ramukan biyu iri ɗaya ne, sau da yawa ɗaya ne kawai ke fitar da hoto.

Sai batun 4K, wato hoto mai tsananin kaifi, inda aka fi yaudarar masu saye. A cikin USB-C akwai layuka huɗu masu sauri. Mahaɗa irin wadda kake nema takan ba hoto biyu, ta bar wa USB 3 biyu. Layuka biyu a kan DisplayPort 1.2 ba sa wuce 4K a 30Hz, wato hoton allo yana sabuntawa sau 30 a daƙiƙa. A kwali za ka ga 4K da manyan baƙaƙe, 30Hz ɗin kuma can ƙasa da ƙananan rubutu. A 30Hz kibiyar maus tana tafiya kamar ana jan ta, ido kuma yana gajiya. Samun 4K a 60Hz sai laftof ɗin yana da DisplayPort 1.4, mahaɗar ma ta goyi bayansa, ramin HDMI ɗinta kuma ya zama 2.0. Amma idan monitarka 1080p ce, wadda kaifin hotonta bai kai 4K ba, wannan duk bai shafe ka ba, mai arahar ma za ta ba ka 60Hz lafiya lau. Kada ka biya kuɗin abin da allonka ba zai nuna ba.

Baban Hanifa:
Injiniya ya gama da hoto, ni wuta zan taɓo, domin yawancin ƙorafin "mahaɗata tana yankewa" daga nan yake. Ramin USB 2.0 milli-amfa 500 yake bayarwa a bisa ƙa'ida, na USB 3.0 kuma 900, wato wat 4.5. USB-C yana iya kaiwa wat 7.5 ko 15, ya danganta da laftof ɗin. Mahaɗar da ba ta da cajarta daga wannan ɗan abin za ta ci, ta kuma raba wa duk abin da ka soka mata. Kibod da maus da filash ba sa cin komai. Faifan HDD mai inci 2.5, wato mai juyawa a ciki, shi ne matsala, don lokacin da zai fara juyawa yakan ja kusan duk abin da ramin USB 3.0 ke bayarwa, wani ma ya zarce. Idan wutar ta gaza za ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ya bayyana ya ɓace. Ya yanke ana tsakiyar kwafi, fayil ya lalace.

Saboda haka nemi mai ramin caji, wanda aka rubuta PD a kansa. Cajarka za ta shiga mahaɗar, ita kuma ta miƙa wa laftof. Sai dai ka sani tana cire rabonta, galibi har zuwa wat 15. Shi ya sa za ka ga an rubuta wat 100 na shiga, 85 na fita. Idan cajarka wat 45 ce, abin da zai isa laftof zai iya zama 30, sai Windows ta fara gargaɗin caji a hankali, ko batir ya riƙa sauka alhali caja na jone. Wayar cajin ma tana da nata iyakar: wayar USB-C ta yau da kullum amfa 3 take ɗauka, wato wat 60. Sama da haka sai mai amfa 5, wadda ke da ɗan guntun lantarki a kanta.

Wani abu kuma: kada ka zare caja daga mahaɗa ana cikin kwafin fayil. A mahaɗai da yawa, lokacin da wuta ke sauya hanya daga caja zuwa batir komai yakan yanke na ɗan lokaci, faifan ya fita ba shiri.

Maman Walid:
Malam, ka ƙirga ramukan da ke aiki da sauri, kada ka ƙirga ramukan da ke jiki. Masu goma sha biyun nan masu araha, da yawa rami ɗaya ne USB 3.0, sauran duk 2.0. Bambancin ba kaɗan ba ne: 2.0 megabit 480 a daƙiƙa, 3.0 gigabit 5. A aikace na farko bai cika wuce megabait 40 ba (megabait ɗaya megabit takwas ne), na biyu yana kaiwa wajen 400 da SSD, wato faifan da ba ya juyawa. Kuma gigabit 5 ɗin nan ba na kowane rami ba ne, dukansu ne ke rabawa, tunda waya ɗaya ce ta shiga laftof. Kada sunaye su ruɗa ka, USB 3.0 da 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 abu ɗaya ne. Mai gigabit 10 shi ne Gen 2.

Tunda kana da katin kyamara, karanta abin da aka rubuta game da ramin SD. Idan an ce UHS-I ko megabait 104, ya yi. Idan ba a faɗi sauri ba, ka ɗauka a kan USB 2.0 aka ɗora shi, kwashe bidiyo zai ci maka lokaci. Haka ramin wayar intanet, wasu megabit 100 ne, ba gigabit ba. Ba ka ambace shi cikin buƙatunka ba, to bar shi, kuɗi yake ƙarawa da zafi.

Rami ɗaya na USB 2.0 kuwa yana da amfani a wurinka. USB 3.0 yana fitar da hayaniyar lantarki a kusa da 2.4GHz, inda maus da kibod marasa waya ke aiki, Intel ma ta fitar da bayani a kan haka tun 2012. Idan ɗan kan maus ɗin, wato ɗan abin da ake sokawa a ramin USB don maus ya yi aiki, yana maƙwabtaka da faifan da ke kwafi, kibiya za ta riƙa tsalle. Soka shi a ramin 2.0, nesa da faifan, ko ka bar shi a ramin USB mai faɗi na laftof ɗin.

Malam Mai Gyara:
Ni ina ganin ba dole ba ne ya sayi mai komai da komai. Idan ramukan biyu duk suna aiki, wayar USB-C zuwa HDMI a rami ɗaya, ƙaramar mahaɗa mai USB zalla a ɗayan. Hoto ya samu layuka huɗu shi kaɗai, kuma ranar da ɗaya ya lalace ɗaya kawai za a sauya.

Injiniya:
Shawara ce mai kyau, Malam, in dai laftof ɗin yana da ramin caji na daban. Idan ta USB-C yake caji, ramukan sun ƙare ke nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba takardar. Rami ɗaya ne ke fitar da hoto, DisplayPort 1.4, kuma duka biyun suna caji. Ba shi da ramin caji na daban. Cajata wat 65 ce, monita 1080p, faifan kuma HDD ne. Nan gaba ina tunanin ƙara monita ta biyu.

Baban Hanifa:
To lamarinka ya zo da sauƙi. Nemi mai ramuka shida ko bakwai: HDMI ɗaya, USB 3.0 biyu, SD mai UHS-I, da ramin PD. Jikinta ya zama na alminiyam, don ya fi roba fitar da zafi. Ɗumi ba komai ba ne, amma zafin da hannu ba zai jure ba alamar matsala ce. Ka duba gindin wayarta inda ta shiga jiki, nan ne ke fara karyewa, kada ka bar ta tana lilo a gefen tebur.

Wajen jonawa, mahaɗar ta shiga ramin da ke fitar da hoto. Cajar kuma kana da zaɓi biyu. Ka sa ta kai tsaye a ɗaya ramin, laftof ya samu wat 65 ɗinsa cif. Idan faifan ya fara ƙas-ƙas, mayar da cajar cikin mahaɗa, laftof zai samu wajen wat 50, wanda ya ishi aikin ofis. Ko kuma ka ba faifan ramin USB mai faɗi na laftof shi kaɗai, ɗan kan maus ya koma mahaɗa.

Maman Walid:
Batun monita ta biyu, kada ka saya don ita yanzu. Mahaɗa mai HDMI biyu da MST take aiki, wato dabarar raba hoto ga allo da yawa ta waya ɗaya. A Windows kowane allo zai nuna nasa, amma a macOS, na kwamfutocin Apple, allon biyu abu ɗaya za su nuna. Tana kuma raba layukan nan biyu tsakanin allo biyu, ga ƙarin kuɗi.

Ka saya a inda za su karɓa idan ba ta yi ba, kuma ka gwada ta a ranar farko da komai a jone: monita a kunne, faifai da katin SD a ciki. Kwafi babban fayil, kamar gigabait 10, daga katin zuwa faifan, kana motsa maus kana kallon allo. Sannan shiga saitin nuni ka tabbatar an rubuta 60Hz. Idan allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, fara sauya wayar HDMI. Idan ya sake yi da wata wayar, ko faifan ya fita da kansa alhali caja na cikin mahaɗar, mayar musu da ita.