Yarona ya kafe sai jirgin leƙen asiri na soja, ina neman shawara

Baban Nafi'u, Zango: Salamu alaikum. Yarona ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, ya ce shi sai sojan sama, ɓangaren jirgin da ke shawagi yana gano wa sojan ƙasa inda abokan gaba suke. Uwarsa ta yarda, a ganinta sama ta fi daji aminci. Ni kuwa har na fara yi masa takardun jami'ar André Salifou ta Damagaram. Don Allah wanda ya sani: mene ne aikin na cikin jirgin nan, yaya haɗarinsa, kuma nawa takardu da awon likita ke ci? Kafin ƙarshen wata zan yanke.

Ɗan Birni: Alhaji, tura shi Kano ya koyi gyaran salula, ya fi maka.

Tsohon Soja, Sabon Gari: Malam, na yi shekaru a ƙasa ina jin muryarsu ta rediyo. Irin waɗannan jiragen ƙanana ne. A nan Nijar muna da Cessna 208 mai inji ɗaya da Amurka ta ba mu, da DA42 mai inji biyu ƙirar Ostiriya. Kyamara ce a ƙarƙashinsu, tana gani har da dare ta zafin jiki da na inji. Jirgin na tafiya a hankali, ya yi awoyi yana kewaya wuri guda. Direba daban, mai kallon allo daban. Shi mai allon ne ke cewa ga babura a gindin tsamiya, ya ba da lambar wurin, sannan jirgin yaƙi Su-25 ko helikofta ta zo. A yaƙin Biyetnam da ƙaramin jirgi O-1 ake yi, ya harba rokar hayaƙi don masu bam su ga wurin, kuma an kakkaɓo su da yawa don ƙasa-ƙasa suke tashi. Yanzu ga TB2 na Turkiyya marar matuƙi, mai sarrafa shi yana zaune a ƙasa.

Maman Abba: Awon likita jika 15 muka biya wa ƙanena.

Direban Yamai: Hajiya, wace shekara? Ɗan maƙwabcina ya kashe sama da jika 60, ban da kuɗin kar zuwa Yamai da kwana.

Maman Abba: An dai cuce ku.

Ƴar Gabas: Ku na ta lissafin jika. Ni jirgin nan na san shi daga ƙasa. Kwana uku yana kewaya ƙauyenmu, yara na ɗaga masa hannu. Rana ta huɗu maza sun taru a bakin rijiya da dabbobi, wani jirgin ya zo. Yayana yana cikinsu, guga ne a hannunsa. Da mayafin matarsa muka tattara shi. Har yau ba wanda ya zo ya ce mana ko sannu. Baba, wani ne ya kalli allo ya ce su ne. Ka tambayi ɗanka ko zai iya kwana da wannan.

Tsohon Soja: Allah ya jiƙansa, ƴata. Abin da nake tsoro ke nan in an harba ba tare da wani a ƙasa ya tabbatar da ido ba. Haka aka jefa wa fararen hula bam a Najeriya, a Rann a 2017, da Tudun Biri a 2023 ana tsakiyar Mauludi. Amma ni ma da ba don muryar wani yaro daga sama ba, da mun faɗa kwanton ɓauna mu duka.

Ɗan Birni: Baba, kai a ƙasa ka yi, ba ka taɓa hawa ba. Shawarar jirgi sai matuƙi.

Tsohon Soja: Kai kuma me ka hau, ban da kabu-kabu?

Mai Shayi, Kasuwar Dole: In ya samu, don Allah ya leƙo mini akuyata, tun Sallah ta ɓace.

Ƴar Gabas: Ba abin dariya ba ne, Malam.

Direban Yamai: Duk wannan sai an ɗauke shi tukuna. Ɗan maƙwabcin nan sau biyu yana zuwa, gudu ya ci, rubutu ya ci, sunansa bai fito ba. In ba ka da kowa a sama, wahala ce.

Maman Abba: Takardar zama ɗan ƙasa kaɗai wata biyu muka yi muna sintiri, kullum a ce mu dawo gobe.

Baban Nafi'u: Ƴar Gabas, na karanta masa maganarki, ya yi shiru ya fita. Hajiya, takardar nan a ina kuka fara, kuma sai da ta haihuwar uba?