Na yi istihara, na yi shawara, amma na kasa yanke hukunci

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da 'yan kasuwa a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, na daɗe ina sayar da atamfa da shadda a ƙarƙashin maigidana, kuma ya ce a shirye yake ya sallame ni in tsaya da ƙafata duk lokacin da na ga dama. Na yi istihara, na tuntuɓi mahaifina da yayyena, kowa ya sa albarka, amma da zarar na ɗauki waya zan kira dillalin shago sai gabana ya faɗi, in ce a bari sai bayan Salla.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkirin yana cin jarin, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tsada, kuɗin da na tara ba ya sayen yawan turamen atamfar da yake saye a da.

Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta ambaci shawara, sannan azama, sannan tawakkali, ni kuwa tsakanin shawara da azama na maƙale. Shin bayan istihara sai mutum ya ji cikakkiyar natsuwa kafin ya fara, ko kuwa zai shiga ne da ɗan tsoronsa? Kuma ku da iyayen gidanku suka sallama, da me kuka bambance taka-tsantsan na hankali da waswasi?