Barcin Jariri: Shawarwarin Matan Aboabo

A hirar matan Aboabo a Kumasi bayan wani suna, an fi daɗewa kan barcin jariri. Ungozoma ta ce a makonnin farko yakan yi awa 14 zuwa 17 yana barci, amma a gutsure, yana farkawa bayan awa 2 ko 3 don nono. An ja sosai kan kwantar da shi ruf da ciki. Rigingine ya fi aminci, kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, cikin gidan sauro. Wannan nake roƙon kakanninmu su karɓa. Ruwa kuwa sai ya cika wata 6. In ya ƙi nono ko jikinsa ya yi zafi, asibiti nan take.